Wakanda Bayan Rasuwar Sarki: Waiwaye a Kan Kashi na Biyu na Fim ɗin Black Panther

Duk wanda ya taso yana karanta littattafanmu na Hausa ko yana kallon finafinan Kano ya san ciwon kashi na biyu. Za a kai ka daidai inda labari ya ɗauki zafi, sai a ce mu haɗu a na gaba. Ka haƙura ka jira, ranar da ya fito kuma ka tarar an yi ta jan zance ne kawai don a cika shafi ko a cika faifai. Wannan ciwo bai tsaya a kanmu ba. A Amurka ma, inda ake zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a kan fim guda, yawancin kashi na biyu maimaicin na farko ne, sai dai a ƙara masa hayaniya da yawan fashe-fashe. Don haka idan aka samu wanda ya kauce wa wannan layi, ya cancanci a tsaya a duba yadda aka yi ya kauce.

Fim ɗin da nake so mu waiwaya shi ne Black Panther: Wakanda Forever, wanda kamfanin Marvel ya saki ranar 11 ga Nuwamban 2022. Abin da na fahimta bayan na kalle shi fiye da sau ɗaya shi ne, fim ɗin yana da ƙarfi a duk inda ya rungumi tarihi, nasa na kansa da na al'ummomin da yake magana a kansu, yana kuma yin rauni a duk inda ya koma yi wa kamfani dako. Kafin mu kai ga hujja, sai mun koma baya kaɗan.

Asalin Baƙar Damisa

A watan Yulin 1966 ne marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby suka fito da T'Challa a mujallar labarin zane ta Fantastic Four, fitowa ta 52. Shekara shida ke nan bayan 1960, shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka samu ƴancin kai, ciki har da Nijar da Najeriya, kuma lokacin baƙaƙen fatar Amurka suna tsakiyar gwagwarmayar neman haƙƙinsu. A watan Oktoban wannan shekara Huey Newton da Bobby Seale suka kafa jam'iyyar Black Panther a birnin Oakland, wato mujallar ta riga jam'iyyar da ƴan watanni. T'Challa sarki ne na wata ƙasar almara mai suna Wakanda, ƙasar da Bature bai taɓa mulka ba, wadda ta ɓoye kanta daga duniya saboda wani ƙarfe mai suna bibiraniyom da ya faɗo mata daga sama, ta kuma gina ilimin da ya wuce na kowa a kansa.

Sai da aka yi shekara 50 kafin wannan sarki ya hau majigi. A 2008 Marvel ta fara jerin finafinanta da Iron Man, a 2009 kamfanin Disney ya saye ta a kan kusan dala biliyan 4, aka kuma tsara cewa kowane fim zai zama zobe ɗaya a cikin doguwar sarƙa, na yau yana share wa na gobe hanya. T'Challa ya fara bayyana a 2016 cikin Captain America: Civil War, fim ɗin da ya buɗe da artabu a Legas, Chadwick Boseman ne kuma ya fito a matsayin. A 2018 aka ba shi nasa fim ɗin, wanda Ryan Coogler, haifaffen Oakland, ya ba da umarni. Ya tara fiye da dala biliyan 1.3, ya zama fim ɗin sadaukai na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a gasar Oscar, ya kuma ɗauki lambobi uku. Mu ma mun ga inuwarmu a ciki: faɗan farko da T'Challa ya yi a dajin Sambisa aka ce ya faru, inda ya tare ayarin masu sace mata, sannan mai tsara tufafi Ruth Carter ta ɗauko shigar ɗaya daga cikin ƙabilun Wakanda daga rawani da shuɗin Abzinawa.

Da irin wannan nasara, kashi na biyu ya zama dole. Coogler ya zauna ya rubuta shi, kuma daga baya ya bayyana cewa rubutun farko labarin uba da ɗa ne, T'Challa yana ƙoƙarin sanin ɗan da ya girma ba ya nan.

Mutuwar da ta sauya rubutu

Ranar 28 ga Agustan 2020 Chadwick Boseman ya rasu yana da shekara 43. Tun 2016 likitoci suka gano yana da ciwon dajin hanji, amma ya rufe zancen, har Coogler kansa bai sani ba. Ashe duk tsallen da muka ga yana yi a fim ɗin farko, tsakanin tiyata da shan magani ya yi shi.

Ba a kansa aka fara irin wannan rashi ba, kuma masana'antar tana da hanyoyin da ta saba bi. Ɗaya ita ce a ɗauko wani ya gaji matsayin, kamar yadda Michael Gambon ya ci gaba da fitowa a Dumbledore na finafinan Harry Potter bayan rasuwar Richard Harris a 2002. Ɗayar kuma a nemi taimakon kwamfuta: da Paul Walker ya rasu a haɗarin mota a 2013 ana tsakiyar ɗaukar Furious 7, ƙannensa biyu aka sa suka tsaya a madadinsa, aka ɗora musu fuskarsa. Marvel ta ƙi duka biyun. A watan Disamban 2020 shugabanta Kevin Feige ya sanar cewa ba wanda zai maye gurbin Boseman, wato T'Challa ma zai mutu a cikin labarin.

Ba kowa ya ji daɗin wannan ba, kuma masu adawa suna da hujja mai nauyi. Sun ce mutum nawa ne suka fito a matsayin Batman ko James Bond, don me sai sarkin baƙar fata ɗaya tilo ne za a binne tare da wanda ya fara sa rigarsa? Yaran da suka samu gwarzo mai kama da su a 2018 ai an ƙwace musu shi ke nan. Ban raina wannan magana ba. Sai dai idan aka dubi abin da shawarar ta haifar, za a ga ita ce ta ba fim ɗin abin da sauran finafinan kamfanin ba su da shi. A duniyar Marvel mutuwa wasa ce, wanda aka binne yau yana iya dawowa bayan fim biyu. A nan kuwa mai kallo ya san wannan mamacin ba zai dawo ba, ya kuma san hawayen da ke fuskar ƴan wasan na abokin aikinsu ne na gaske.

Da haka fim ɗin ya buɗe. Shuri, ƙanwar sarki kuma shugabar masana kimiyyar ƙasar, tana ɗakin bincike tana ta fafutukar haɗa maganin da zai ceci yayanta daga wata cuta da ba a ambaci sunanta ba, sai mahaifiyarsu Sarauniya Ramonda ta shigo ta ce mata ya cika. Daga nan sai jana'iza, jama'a cikin fararen kaya, ana kiɗa ana rawa ana kuka. Ko tambarin Marvel da ke fitowa a farkon kowane fim da kaɗe-kaɗe, a wannan karon shiru ya fito, ba komai a jikinsa sai hotunan Boseman.

Abin da kashi na biyu kaɗai ke iya yi

Babbar fa'idar kashi na biyu ita ce yana da baya. Mai kallo ya zo da abin da ya riga ya sani, marubuci mai hankali kuma yana iya sa abin da aka shuka a na farko ya tsiro a na biyu. Coogler da abokin rubutunsa Joe Robert Cole sun yi haka a wurare biyu da suka fi burge ni.

Na farko, dalilin da ya sa Shuri ta kasa ceton yayanta yana cikin fim ɗin 2018. A can ne Killmonger, ɗan ƙanin mahaifinsu da ya ƙwace sarauta na ɗan lokaci, ya sa aka ƙone gonar tsiron nan mai siffar zuciya wanda ke ba Baƙar Damisa ƙarfinsa. A lokacin mun ɗauka aikin mugu ne da ya wuce tare da shi, ashe wutar tana nan tana ci.

Na biyu ya fi wannan. Bayan an kashe Ramonda, Shuri ta yi nasarar sake haɗa tsiron, ta sha, ta tafi duniyar magabata inda kowane sabon sarki ke ganawa da wanda zuciyarsa ta kira. Ta yi tsammanin ganin mahaifiyarta, sai ta tarar da Killmonger zaune a kan karaga, domin abin da ke cikin zuciyarta a lokacin shi ne ramuwa, kamar yadda ya kasance a tasa. Wanda bai kalli na farko ba baƙo kawai zai gani. Wanda ya kalla kuwa ya san an aza wa Shuri tambayar gadon sarauta a mafi tsananin siffarta, cewa a cikin magabata biyu wanne za ta gada, yayanta mai yafiya ko ɗan'uwanta mai fansa.

Wannan ya sa fim ɗin ya zama na mata ba tare da an yi shela ba. Letitia Wright ce Shuri, Danai Gurira ce Okoye shugabar dogarai mata, Lupita Nyong'o ce Nakia, Angela Bassett kuma ita ce Ramonda. Wurin da Ramonda ta tuɓe Okoye daga muƙaminta a gaban majalisa, tana lissafa mijinta da ɗanta da ta rasa, ga ƴarta kuma an sace, yana cikin mafi ƙarfin wasan da aka taɓa yi a finafinan kamfanin. Bassett ta ɗauki lambar Golden Globe a kansa, ta kuma zama ta farko da aka sa a takarar Oscar ta iya wasa saboda fim ɗin Marvel.

Namor da tarihin Maya

Abokin gabar Wakanda a wannan karon ya girmi T'Challa a takarda. Bill Everett ne ya ƙirƙiri Namor a 1939, kafin ma a haifi Captain America a 1941, kuma a mujallu sarkin Atlantis ne, birnin almarar Girkawa da ya nutse a teku. Coogler ya ajiye Atlantis gefe, ya ƙirƙiri Talokan, ya kuma dasa ta a tarihi na gaske. A fim ɗin, mutanen Namor ƴan al'ummar Maya ne na yankin Yucatán a ƙasar Meziko ta yau, waɗanda a 1571 cutar agana da Sifaniyawa suka kawo ta addabe su, suka sha wani tsiro da ya fito a kan bibiraniyom, suka koma rayuwa a ƙarƙashin ruwa. Da Namor ya dawo doron ƙasa don binne mahaifiyarsa, sai ya tarar an mayar da danginsa bayi a gandun Sifaniyawa, ya cinna wa gandun wuta, wani limamin coci ya kira shi yaro marar ƙauna, daga lafazin wannan zagi da Sifaniyanci ya yanko sunansa.

Tsiron da fikafikan da ke idon sawunsa almara ce, sauran kuwa yana cikin littattafan tarihi. Sifaniyawa sun kafa birnin Mérida a Yucatán a 1542, a 1562 limami Diego de Landa ya ƙone littattafan Maya a garin Maní, har ta kai yau guda huɗu kacal aka sani sun tsira daga rubuce-rubucensu na dā, kuma sai a 1697 birninsu na ƙarshe mai cin gashin kansa ya faɗi. Tenoch Huerta, ɗan Meziko, shi ya fito a Namor, mutanen Talokan kuma harshen Maya na Yucatán suke yi, kamar yadda mutanen Wakanda ke yin harshen Xhosa na Afirka ta Kudu.

Wannan sauyi ya sa yaƙin ya zama mai ciwo, domin duka ɓangarorin suna tsoron abu guda, wato ranar da manyan ƙasashe za su gano inda arzikinsu yake. Namor yana ganin a far musu tun kafin su zo, Wakanda ta ƙi, sai suka koma kan juna. Wasu masu sharhi sun soki wannan, suka ce an haɗa baƙar fata da jar fata faɗa, Bature yana gefe ko ƙwarzane bai samu ba. Ni kuwa a nan nake ganin gaskiyar fim ɗin, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hernán Cortés bai ci birnin Tenochtitlan a 1521 ba sai da dubban mayaƙan Tlaxcala. Rundunar Voulet da Chanoine da ta ƙone Birnin Ƙonni ta kuma gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a 1899, yawancin masu riƙe da bindigoginta ƴan Afirka ne, haka ma rundunar Ingilishi da ta shiga Kano a 1903. Saboda haka lokacin da Shuri ta aza wa Namor mashi a wuya sannan ta janye, ta nemi ya miƙa wuya a ƙulla amana, tana ƙin maimaita wannan tsohon kuskure ne.

Ta fuskar faɗa ma fim ɗin yana da wuraren da ba a mantawa. Harin farko da mutanen Talokan suka kai wa jirgin Amurkawa cikin dare, suna rera wata waƙa da ke sa mutane su faɗa teku da ƙafarsu, ya fi kama da fim ɗin ban tsoro. Karawar Okoye da Attuma a kan gada a Boston a fili take, kana ganin kowane sara da kowace kariya. Ambaliyar da Namor ya sako wa babban birnin Wakanda kuwa ita ce ta ci Ramonda.

Ansongo a majigin Amurka

Akwai wuri guda da ya shafe mu kai tsaye. Shekara ɗaya bayan rasuwar T'Challa, Ramonda ta je zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva, inda wakilan Faransa da Amurka ke zargin Wakanda da rowar bibiraniyom. A daidai lokacin wasu sojojin haya masu jin Faransanci suka kai hari wata cibiyar Wakanda da ke Ansongo a ƙasar Mali don su sace ƙarfen. Dogarai mata suka kama su, suka shigo da su zauren a ɗaure, suka durƙusar da su a gaban wakiliyar Faransa.

Ansongo gari ne na gaske a bakin kogin Kwara, a kan hanyar Gao zuwa Yamai. Fim ɗin ya fito ƙasa da wata uku bayan sojojin Faransa na rundunar Barkhane sun kammala ficewa daga Mali ranar 15 ga Agustan 2022. A watan Fabrairun 2023 ministan tsaron Faransa na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito ya yi tir da wannan fitowa, yana cewa an ɓata sunan sojojin ƙasarsa. Ba kasafai fim ɗin sadaukai ke sa minista magana ba. Wanda ya san cewa tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, ko ya san cewa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka ɗebi yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta haɗa bam ɗinta na farko da shi, ba ya buƙatar a fassara masa bibiraniyom.

Duk da haka kada murna ta ɗebe mu. Kamfanin Amurka ne ya yi fim ɗin, kuma ya fi sauƙi a gare shi ya durƙusar da Bafaranshe. Ita Amurka an nuna kwaɗayinta, amma an ba ta mutumin kirki a cikin hukumar leƙen asirinta ta CIA, wato Everett Ross, don ya wanke mata fuska. Kuɗin tikiti kuma ba Ansongo suka nufa ba.

Inda dakon kamfani ya yi nauyi

Wakanda Forever shi ne fim na 30 a jerin Marvel, kuma tsawonsa minti 161 ne. Wani kaso na waɗannan mintoci ba nasa ba ne. Duk wuraren da Ross ke cacar baki da shugabarsa Valentina, idan aka yanke su labarin ba zai rasa komai ba, an sa su ne don share fagen finafinan gaba. Riri Williams, ɗalibar da ta ƙera na'urar gano bibiraniyom, tana da dalilin shiga labarin, amma rigar ƙarfen da aka ba ta talla ce ta shirinta na talabijin, Ironheart, wanda bai fito ba sai 2025. Yaƙin ƙarshe a kan jirgin ruwa shi ma ya koma irin wanda aka saba, taron mutanen kwamfuta suna ture juna, alhali abin da ke da muhimmanci yana can bakin teku tsakanin mutum biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ana jin wuraren da Coogler ke ƙoƙarin tauna makoki da talla a lokaci guda.

A kasuwa ma bai kamo na farko ba, kusan dala miliyan 859 ya tara. Amma a yankinmu ya kafa tarihi. An yi bikin nuna shi a Legas kafin fitowarsa, shi ne kuma fim na farko da ya haura naira biliyan 1 a gidajen sinimar Najeriya. Mawaƙiya Tems tana cikin waɗanda suka rubuta waƙar Lift Me Up da Rihanna ta rera, Burna Boy da Rema suna cikin kundin waƙoƙinsa, muryar Baaba Maal na Senegal kuma ita ce ta raka gawar sarki. Ruth Carter ta sake ɗaukar Oscar a kan tufafi, ta zama baƙar mace ta farko da ta samu lambar sau biyu.

Kammalawa

A al'adar da fim ɗin ya ba Wakanda, idan mamaci ya shekara ana ƙone kayan makokinsa. Ramonda ta ƙone nata, Shuri ta ƙi, domin tana ganin ilimin da take taƙama da shi ya ci amanarta. Sai a ƙarshen fim ɗin, bayan ta bar wa M'Baku fagen neman karaga, ta tafi Haiti wurin Nakia, ta zauna a bakin teku ita kaɗai ta sa wa nata wuta. A nan Nakia ta kawo mata wani yaro da ake kira Toussaint, ɗan T'Challa da aka ɓoye, wanda shi ma sunansa na gida T'Challa. Zaɓen wurin da sunan ba a banza aka yi ba. Toussaint Louverture shi ne jagoran boren bayin da ya kai Haiti ga ƴanci a 1804, ƴancin da Faransa ta sa ta biya diyyar faran miliyan 150 a kansa a 1825. An kai magajin ƙasar almara da ba a taɓa mulka ba ya girma a ƙasar gaske da ta ƙwaci kanta da jininta.

Shawarata ga wanda bai gani ba, idan ya je wurin masu tura finafinai a waya ya karɓi duka biyun, ya fara da na 2018, don rabin nauyin na biyu yana cikin na farko. Marubutanmu masu shirin fitar da littafi na biyu kuma su lura da gonar da Killmonger ya ƙone, su tambayi kansu ko akwai abin da suka shuka a na ɗaya wanda ya isa girbi.